Kafin A Sayi Kwamfutar Tebur, A Fara Lissafi Daga Wutar Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana da iyaye da matasa a kan yadda ya kamata a zaɓi kwamfutar tebur, wato wadda ake girkewa wuri ɗaya, musamman idan ana so ta ɗauki aikin yau da kullum ta kuma ɗauki wasannin da samari ke kira gem. Gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan Kano, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yawan kwamfutocin da ake kawo mana da sunan gyara alhali babu abin da ya lalace a jikinsu, illa dai tun ranar saye ba su dace da aikin da aka nufe su da shi ba, ko kuma ba su dace da gidan da aka kai su ba. Irin wannan matsala ba ta da magani a teburin mai gyara, domin kuɗin da zai warware ta an riga an kashe shi a shago.

Mafi yawan shawarwarin da yaranmu ke kallo a YouTube an shirya su ne domin mutanen Amurka da Turai, waɗanda wutarsu ba ta ɗaukewa, ɗakunansu ba sa yin zafin namu, kuma idan kaya ya ba su matsala sai su mayar wa kamfani a canja musu. Shawarwarin ba ƙarya ba ne, amma wanda ya kwashe su ɗungurungum ya kawo Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zai sha mamaki. A ganina, tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi wa kansa a nan ita ce da wace wuta zai kunna na'urar, kuma awa nawa yake samunta a rana. Amsar wannan tambaya ce za ta yanke masa hukunci a kan sauran.

Kwamfutar tebur ta fi ta tafi-da-gidanka ta fuskokin da babu musu a kansu. Da kuɗi ɗaya za a samu wadda ta fi ƙarfi, cikinta yana da sararin da iska ke zagayawa, kuma kowane sashe nata ana iya cire shi a sa wani ba tare da an taɓa sauran ba, ta yadda wanda ya fara da kaɗan zai iya ƙarawa sannu a hankali. Sai dai ba ta da batir, wannan kuwa ba ƙaramin aibi ba ne a inda ake iya ɗauke wuta mutum yana tsakiyar rubutu. Gidan da ba ya ganin wuta sai jefi-jefi, kuma babu sola babu inbata, gara ya sayi laftof ya huta, ko da za ta gaza a wajen wasa. Ina faɗin haka duk da cewa ta tebur ce ta fi kawo mini ciniki.

Wanda ya ƙudurta sai ta tebur, to ya zauna mu yi lissafi. Kwamfutar ofis wadda ba ta da katin hoto na musamman, wato sashen da ke sarrafa hoton da ake gani a allo, haɗe da allonta mai inci 24, da wuya ta ci wat 100 a aikin rubutu da shiga intanet. Da zarar an sa mata katin hoto aka fara wasa, labari ya canja, domin katin ne babban mai shan wuta a cikin akwatin. Kamfanonin da ke ƙera katunan suna bayyana adadin: GTX 1650 wat 75 ne, RTX 4060 wat 115, RX 6600 wat 132, RTX 3060 wat 170, tsohon RX 580 da ya cika kasuwa wat 185, shi kuwa RTX 4090 da ake ta kwarzantawa wat 450 yake ci shi kaɗai. A ce kwamfuta gaba ɗayanta tana cin wat 300, ana kuma wasa awa 5 a rana, ta sha yunit ɗaya da rabi ke nan, wato yunit 45 a wata. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Nijeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, ɗan ragin da ya biyo baya kuma ya bar shi a sama da naira 200, saboda haka a wancan farashi wasan yaro kaɗai zai ƙara wa maigida kimanin naira 9,000 a wata, idan kuwa na'urar ta kai wat 600 sai a ninka. Mai sola ma bai tsira ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma irin mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa idan ana son ya yi ƙarko, don haka wat 300 zai cinye wannan rabin kafin awa 4 ta cika, ba a ma zo kan fanka da fitila ba. Wannan ne ya sa nake fifita sabon kati mai tsimin wuta a kan tsoho mai araha. RTX 4060 ya ninka RX 580 ƙarfi, amma wutar da yake ci ta gaza tasa da wat 70, kuma wannan bambanci kullum ake biyansa.

Kuɗin UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, da na sitabilaiza a lissafa su cikin kuɗin kwamfuta tun farko, kada a ce sai an samu hali. Ɗaukewar wuta ba zato tana lalata fayil, tana ma iya hana Windows tashi, amma wadda ta fi ɓarna ita ce wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi, da kuma ta ƙaramin janareta da ke hawa tana sauka duk lokacin da aka kunna firji ko dutsen guga. Abin lura a wajen UPS shi ne lambar da aka rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe ta wani ma'auni ce da ake kira VA, ba ta wat ba. Mai 650VA, wanda shi ya fi yawa a shaguna, abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, kuma ƙaramin batir ɗaya ne a cikinsa, saboda haka idan aka ɗora masa kwamfutar wasa mintuna kaɗan zai bayar, idan ma bai yi ƙara ya mutu nan take ba. Amfaninsa shi ne mutum ya samu damar adana aikinsa ya kashe na'ura cikin natsuwa. Mai inbata kuma ya tabbatar tasa irin mai ba da tsabtatacciyar wuta ce kamar ta layi, domin masu araha suna sa fawa-fak na zamani, wato sashen da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ƙugi, wani lokaci ma kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta.

Akwai wani ɗan abu da ke ƙona kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka tun a ranar farko. A bayan akwatin, dab da inda ake cusa wayar wuta, tsofaffin fawa-fak suna da wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe da farce, ɓangare ɗaya an rubuta 115, ɗayan kuma 230. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa a Nijeriya da Nijar tsakanin 220 da 230 take. Idan maɓallin yana nuna 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi da warin ƙuna, kuma idan aka yi rashin sa'a wutar ta wuce har cikin madabod, wato babban falefalen da duk sassan na'ura ke haɗe a kansa. A duba shi kafin a jona, a kuma manne shi da salatif, domin launinsa yana jan hankalin ƙananan yara.

Bayan wuta sai farosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kuma a nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido. Mai saye yakan shigo shago yana cewa shi dai Core i7 yake so, domin ya ji an ce ita ce babba. Sunan i3 da i5 da i7 matsayi yake nunawa a cikin zubi ɗaya kawai, kuma kamfanin Intel ya shafe fiye da shekaru goma yana fitar da sabon zubi da waɗannan sunaye. Lambar da ke biye da sunan ita ce take faɗin shekaru. Idan lambobi huɗu ne, na farko shi ne zubin. Idan biyar ne, biyun farko. Idan kuwa uku ne kacal, to zubin farko ne, a bar shi inda aka gan shi. Misali, i7-3770 zubi na uku ce, ta fito a 2012, yayin da i3-12100 zubi na goma sha biyu ce, ta fito a 2022, kuma wannan i3 ɗin ta fi waccan i7 ɗin sauri nesa ba kusa ba. Takardar da aka manna a gaban akwati ba hujja ba ce, domin ana sayar da irinta. A sa mai shago ya kunna na'urar ya buɗe bayananta a gani da ido.

Sanin zubi ya ƙara muhimmanci tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake ba Windows 10. Windows 11 kuwa a ƙa'idance ba ya karɓar farosesar Intel da ta gaza zubi na takwas, ko ta AMD da ta gaza Ryzen 2000, kuma yana buƙatar sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Ana iya yi masa dabara a ɗora shi a kan tsohuwar na'ura, masu gyara da yawa suna yi, amma kamfanin bai ɗauki alhakin ci gaba da sabunta irin wannan ba, kuma wasu sabbin wasannin da ake bugawa ta intanet sun fara ƙin buɗewa idan babu wannan sashe. Saboda haka ni ba na ba kowa shawarar ya sauko ƙasa da zubi na takwas a yau. Akwai ma wata riba a ciki, domin i5 ta tebur a zubi na takwas, kamar i5-8500, cibiyoyin aiki shida gare ta, alhali ta zubi na bakwai huɗu ne.

A wajen wasa katin hoto ne sarki, amma kafin a zaɓe shi sai an tambayi mai wasan me yake bugawa. Mafi yawan samarinmu ƙwallo ce ta dame su, wato eFootball, wanda ya gaji PES a 2021, da EA Sports FC, wanda ya gaji FIFA a 2023, sai kuma GTA V da wasannin tseren mota. Waɗannan ba sa neman babban kati. Kamfanin EA da kansa ya rubuta cewa FC 24 zai tashi da GTX 1050 Ti da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, gigabait 8, ya kuma ba da shawarar GTX 1660 da ram gigabait 12 ga mai son ya more shi. Kowane wasa yana da irin wannan bayani a shafinsa, kyauta ne, kuma karanta shi ba ya cin minti biyar. Wanda ƙwallo ce wasansa, allonsa kuma mai matsakaicin kaifin hoto ne, wato 1080p, idan ya sayi katin da aka ƙera domin manyan wasanni a kan allon 4K mai tsananin kaifin hoto, ya biya kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa gani ba, ga kuma kuɗin wuta yana bin sa.

Kamar yadda ake ruɗin mutane da i7, haka ake ruɗinsu da gigabait ɗin kati. Za ka ji an ce wannan tana da garafik gigabait 4, mai saye ya washe baki, alhali katin GT 730 ne, wanda amfaninsa bai wuce fitar da hoto a allo ba, komai yawan ma'ajiyar da aka ɗora masa. Sunan kati da lambarsa ake tambaya, sannan yawan gigabait. Akwai kuma na jabu, inda ake ɗauko tsohon kati a canja masa suna daga ciki har Windows ta riƙa nuna shi a matsayin GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce kuma ba ta da nauyi, tana tona asirin da yawa daga cikinsu.

Farashin waɗannan kaya da dala yake tafiya, dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 kuwa ta haura 1,500 a farkon 2024, shi ya sa kowa ke neman hanya mai sauƙi. Mafi sauƙin wadda na yarda da ita ita ce a haɗa kwamfuta da farosesar da ke ɗauke da nata sashen hoto mai ɗan ƙarfi, kamar Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2021 kuma wat 65 aka ƙayyade mata. Za ta yi duk aikin ofis da karatu ba tare da gajiya ba, za ta kuma buga wasanni marasa nauyi idan aka rage musu ado, sannan duk ranar da kuɗi suka samu sai a sayo kati a cusa. Ga gidan da ke kan sola babu kamarta. A kula dai da haruffan ƙarshen suna: a jerin Ryzen 5000 mai harafin G ce ke fitar da hoto da kanta, a wajen Intel kuma duk mai harafin F, kamar i5-12400F, ba ta fitarwa sam, sai da kati.

Wasu kuma kwamfutar ofis ta hannu suke saya, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk ko Lenovo ThinkCentre da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su, su ƙara mata kati. Dabara ce mai kyau, domin injina ne masu ƙwari da aka ƙera don su wuni suna aiki, amma tana da iyaka. Siraran cikinsu ba sa ɗaukar kati sai gajere na musamman, fawa-fak ɗinsu sau da yawa bai kai wat 300 ba, ba shi da wayar da ake ba babban kati wuta da ita, kuma bakin wayoyinsa na kamfanin ne shi kaɗai, ba za a iya canja shi da na kasuwa cikin sauƙi ba. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi mai babban akwati, ya kuma tsaya a kan katin da bai wuce wat 75 ba, irin GTX 1650 wanda ba shi da bakin ƙarin wuta, domin ramin madabod iyakar abin da yake bayarwa ke nan. An sha kawo mini irin waɗannan da babban kati a cikin leda, mai kaya yana tambayar inda za a sa shi, amsa kuwa ita ce babu.

Katin hannu yana buƙatar taka-tsantsan na daban. Shekaru da dama masu haƙar kuɗin intanet sun riƙa jera katunan hoto suna aiki dare da rana, kuma da tsarin kuɗin Ethereum ya daina amfani da wannan hanya a watan Satumban 2022 sai suka zubo su kasuwannin duniya, RX 580 da RX 570 na gaba-gaba a cikinsu. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankarsu ta gaji, man sanyayawarsu ya bushe, wasu ma an canja musu tsarin ciki domin haƙar. Saye ba tare da gwaji ba sayen kifi ne a ruwa.

Sashen da aka fi yi wa rowa shi ne fawa-fak, tun da ba ya ƙara sauri kuma ba a ganinsa. Sai mutum ya kashe dukiyarsa a kan kati da farosesa, ya karɓi fawa-fak ɗin da ya zo a cikin akwati kyauta, wanda aka rubuta wa wat 600 amma idan ka ɗaga shi ba shi da nauyi ko kaɗan, wayoyinsa kuma sirara. Irin wannan ba ya iya ba da abin da aka rubuta, kuma idan zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. A nemi na kamfanin da aka sani, mai shaidar 80 Plus, wadda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga na'ura maimakon ta zama zafi. Wat 550 zuwa 650 na gaske ya wadaci kwamfuta mai matsakaicin kati har da rara. Kuɗin da za a kashe a kan fitilu masu canja launi da akwatin gilashi, nan ya kamata a zuba su.

Maganar ram gajeriya ce: gigabait 16, kuma a saye shi sanda biyu masu takwas-takwas maimakon sanda ɗaya, domin biyun suna aiki tare su buɗe hanya biyu, abin da ke ƙara sauri sosai ga farosesar da ke fitar da hoto da kanta. Nau'o'in ram na DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna, sai a tambayi wanda madabod ke karɓa. Wajen ajiya kuma kada a ɗora Windows a kan tsohon faifai mai juyawa. SSD, wato ma'ajiyar zamani da ba ta da faifai mai juyawa, na gama-gari yana karanta kimanin megabait 550 a daƙiƙa, irin NVMe kuwa yana haura 3,000, alhali mai juyawa da ƙyar yake kai 200. Tsohuwar na'urar da aka sa wa SSD ta fi sabuwar da ba ta da shi daɗin aiki. Tun da FC 24 shi kaɗai gigabait 100 yake nema, mai gigabait 256 ya yi kaɗan. A fara daga 512, idan da hali a kai terabait ɗaya.

Zafi da ƙura su ne abokan gabar da masu bidiyon ƙasashen waje ba su san su ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa, saboda haka duk abin da ɗaki ya ƙaru da shi sai ya bayyana a jikin na'ura. Farosesa idan ta doshi digiri 95 zuwa 100 tana rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone, shi ne mai wasa zai ga hoto ya fara tsayawa bayan rabin awa ya ɗauka ƙwayar cuta ce. Akwati mai raga a gaba, da fanka biyu masu jawo iska da ɗaya mai fitarwa a baya, ya fi wanda aka toshe gabansa da gilashi. Kada a ajiye shi a ƙasa ko a kan kafet ko a cikin lokar tebur. Idan hunturu ya wuce aka buɗe kwamfutar da ba a kula da ita ba, za a tarar jar ƙura ta daskare a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan farosesa, har sai an sa buroshi an kankare kafin a ga haske ta ciki. A riƙa fitar da ita waje ana hure ta da buloya, a dafe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, kuma tun da busasshiyar iskar hunturu tana tara wuta a jikin mutum, a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa ram ko kati.

Allo mai inci 24 da 1080p ya wadatar ga karatu da wasa. Mai wartsakewa sau 144 a daƙiƙa yana da daɗi, amma sai idan katin zai iya ciyar da shi, kuma sai an shiga saitin Windows an ɗaga lambar, in ba haka ba yana iya zama a kan 60 har abada. Wani kuskure da ake yawan yi shi ne a jona wayar allo a bakin madabod, can sama kusa da ramukan USB, maimakon a bakin katin da ke ƙasa. Na'urar za ta nuna hoto lafiya lau, amma katin da aka kashe wa kuɗi yana zaune ba ya aikin komai.

Mai niyyar wasa ta intanet ya sani cewa ƙarfin kwamfuta ba ya rage nisa. Cibiyoyin yawancin wasanni suna Turai ne, wasu a Afirka ta Kudu, kuma saƙo daga nan zuwa can ya dawo yakan ɗauki milisakan 100 ko fiye, musamman a kan layin waya. Ga kuma data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Wannan ne ke tura samari wajen masu tura wasannin da aka fasa, waɗanda sau da yawa suke zuwa da ɓoyayyun manhajojin satar kalmar sirri. Idan a kan na'urar ce maigida yake shiga asusunsa na banki, to arahar ta yi tsada. eFootball kyauta ne a shagon wasanni na intanet da ake kira Steam, shagon Epic kuma yana raba wasa kyauta kowane mako.

Ko a titin Beirut na Kano za a saya, ko a Banex ta Abuja, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ɗan kasuwa nagari ba ya jin haushin gwaji. A je da filas mai ɗauke da manhajojin binciken na'ura, wato CPU-Z da GPU-Z da CrystalDiskInfo da HWMonitor. Ta ƙarshe tana nuna zafi, CrystalDiskInfo kuma tana nuna lafiyar ma'ajiya da yawan awannin da ta yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka wadda ta nuna 30,000 ta yi fiye da shekara uku tana aiki, komai ƙyallin akwatinta. A sa a buɗe murfin gefe a leƙa ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna ko kumburarrun sassa a kan madabod. Sannan a kunna wasa mai nauyi a bar shi ya yi aƙalla minti 20, ana kallon allo ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka za su bayyana, ana kuma sauraron fanka. Katin da ke da ciwo yakan yi lafiya a mintunan farko, sai ya ɗauki zafi yake nuna halinsa.

Iyayen da ke ganin kwamfutar wasa ɓarnar kuɗi ce ina fahimtar damuwarsu, amma na'urar da ta iya ɗaukar wasa ita ce kuma ke ɗaukar zanen gini da haɗa bidiyo da koyon rubuta manhaja, ga shi tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta. A girke ta a falo ko wani wuri da ido ke kai, a yanka wa wasa lokacinsa, a kuma buɗe wa yara asusu na daban wanda ba shi da ikon ɗora manhaja.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan'uwana 'yan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyinsu shi ne a daina rubuta rasiti da kalma biyu, kwamfuta ɗaya, sai kuɗi. A rubuta cikakkiyar lambar farosesa, da sunan kati da lambar jikinsa, da yawan ram, da girman SSD, da adadin kwanakin da aka ba mai saye ya gwada ya dawo da kaya idan ya ga matsala. Mai saye kuma kada ya bar shago sai an rubuta masa waɗannan an sa hannu.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Kano.